Ruwan Jego a Gida Mai Taya

Na'urar ɗumama ɗaki ta yi tari, sannan ta ci gaba da gurnani ƙasa-ƙasa. Tanimu ya duba gilashinta. Zafin da ta tara daga rana bai taka kara ya karya ba, don ranar ma leƙowa kawai take yi ta koma.

Tun da hasumiyoyin sanyi suka ƙi daina aiki, birnin Sabon Rafi ya daskare. An gina su ne don su zuƙe zafin da ya addabi jama'a, kuma Tanimu na cikin injiniyoyin da suka sha tafi ranar buɗewa. To, sun zuƙe zafin, sun kuma ci gaba da zuƙa. Bututun ruwa suka farfashe, benaye suka zama firij, mutane suka koma bayan gari cikin gidaje masu taya, irin waɗanda a da ake ja da mota a tafi yawon shaƙatawa. Nasu Tanimu, in ka buɗe hannu sai ka taɓa bango biyu.

A nan matarsa Lantana ta haihu shekaranjiya. Jaririyar na naɗe cikin barguna, duk da haka tafin ƙafarta sanyi ƙarara.

"Injiniya, ruwan wanka fa?" in ji Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Lantana, wadda ta zo kula da mai jego.

"Gwaggo, na'urar ba za ta iya biyu ba. In ta tafasa ruwa, ɗakin zai huce har yamma. Yarinyar ba za ta jure ba."

"Mai jego ba ruwan zafi, a wannan sanyin? Dubi yadda take rawar ɗari. In uwar ta kwanta, wa zai shayar maka da 'yar?"

Lantana ta juya fuska bango. Tanimu ya gaji. Ya gaji da awon zafi kamar mai awon gero, ya gaji da zaɓen wanda zai ji ɗumi yau.

Akwai batirin tafiya a ƙarƙashin gado, wanda ya adana don ya ja su kudu ranar da ƙanƙara ta saki hanya. Ya durƙusa ya jawo shi, ya jona da tukunyar lantarki. Ba a jima ba ruwa ya tafasa, tururi ya cika ɗakin.

"Maigida, ba na tafiyarmu ba ne wannan?" Lantana ta tambaya a hankali.

"Shi ne."

Gwaggo ta tsoma yatsa, ta gyaɗa kai. "Ya yi. Amma ka san kwana arba'in ake yi, safe da yamma."

Ya fita ya ba su wuri. Iska ta mare shi. Can tsakiyar birni hasumiyoyin na ta aiki lafiya lau, ko tangarɗa babu. Shi da kansa ya zana su yadda babu mahaluƙin da zai iya kashe su, wai don kada wani ya hana mutane sanyi.