Ranar da Na Hana Vratko Wasa

"Zdenka, sauke labulen nan don Allah."

Na waiga na dubi tagar. Safiyar Litinin ce ta watan Oktoba, hadari ya rufe duwatsu, hasken da ke shigowa ɗakin gashin ƙashi bai taka kara ya karya ba. Amma Vratko ya kare idonsa da hannu kamar wanda aka dalle da tocila.

Na je na sauke labulen.

Wai kafaɗa ya zo in duba masa. Jiya a wasan la'asar wani ɗan gaba ya maka shi da katangar fili, na ga yadda kansa ya daki gilashi, na kuma ga ya miƙe ya ci gaba har aka tashi. Na tambaye shi nawa da nawa aka tashi wasan. Ya yi dariya, ya ce wace irin tambaya ce wannan, shi da ya yi minti ashirin da shida a kan ƙanƙara. Na ce to ya faɗa min.

Ya murza goshi yana lalube, ya kasa tunawa.

Shekarata biyar ina aiki da ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, na san abin da nake gani. Ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Wannan ne kuma karo na huɗu, don shi da bakinsa ya lissafa min ukun farko wata rana muna cin halušky, ɗan waken dankali da cuku, a gindin dutse, yana ba da labarin kamar abin dariya.

Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya kira ni da sunan da yake lallashina da shi.

"Kwana tara, Zdenička. Kwana tara kacal ya rage in sa hannu a Sweden. In na sa, ki kwantar da ni wata guda ma na yarda."

"Laraba akwai wasa, Vratko."

"Zan buga a hankali."

"Ɗan baya ne kai. Yaushe ɗan baya ya taɓa wasa a hankali?"

Ya ƙara matse hannuna.

Na san abin da Sweden take nufi a wurinsa. Yana da shekara shida mahaifiyarsa, Pani Hroncová, wato Uwargida Hroncová, ta fara jan sa zuwa fili da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Da sha shida ya bar gida. Da sha takwas ya tafi Kanada, ya yi kaka biyu yana jiran manyan ƙungiyoyi su kira sunansa ranar zaɓen matasa, ba a kira ba. Daga nan sai rukuni na biyu a Finland, sai Kazakhstan inda aka karya masa muƙamuƙi, sai Czech, sai Jamus. Ƙungiya bakwai cikin shekara goma sha ɗaya. Ya ce min a ko'ina aikinsa ɗaya ne, ya kwanta gaban faifan roba da ake bugawa a madadin ƙwallo ya tare da jikinsa, wani ya ci, a saka hoton wancan a jarida. Ya dawo gida da shekara ashirin da tara, jaka biyu da haƙoran roba huɗu, kowa ya ce ya gama. Sai ya yi kakar da bai taɓa yin irinta ba, har babbar ƙungiya a Sweden ta aiko.

A cikin wannan kakar ce muka soma soyayya.

Babana, tsohon direban jirgin ƙasa, tun ranar farko ya ce bai yarda ba. Ya ce ɗan hoki jakarsa ce gidansa, duk inda aka kira can zai nufa, ni kuma in tsufa ina gadin waya. Pani Hroncová ma ba ta so ni ba. A ganinta ni ce igiyar da za ta ɗaure mata ɗa a ƙaramin gari. In na je gidanta takan ba ni shayi, ta zauna tana duban agogo.

Na zare hannuna a hankali.

"Zan je wurin likita," na ce.

"In kika fita ƙofar nan, Zdenka..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tsaya jin ƙarshen ba, don na san in na ji ba zan iya fita ba.

Kafin azahar likitan ƙungiya ya cire sunansa daga wasan Laraba. Hoton kansa da aka ɗauka a asibiti ya fito ranar Juma'a, aka ce sai ya yi aƙalla wata shida bai taka ƙanƙara ba. Sati na zagayowa mutanen Sweden suka turo saƙo mai ladabi, suka ɗauki wani yaro ɗan Latvia.

Vratko bai kira ni ba. Na kira, waya a kashe. Na je gidansu, mahaifiyarsa ta buɗe ƙofa rabi ta tsaya a ciki.

"Pani Hroncová, minti biyu kawai nake roƙo."

"Kin samu abin da kike so ai. Dušan ya faɗa mana komai."

Dušan shi ne wakilin Vratko, mai nema masa ƙungiya, mai turare da dariya a kowane lokaci. A watan Agusta na taɓa tambayarsa shekara nawa kwantiragin Sweden zai kai, da ya ce biyu sai hawaye suka kufce min a gabansa. Wannan ya ɗauka ya yi wa ado. Ya ce musu na roƙe shi ya wargaza maganar, da ya ƙi sai na jira dama. Ya ce ɗan ciwon kai ne irin wanda kowane ɗan baya ke kwana da shi, ni ce na mai da shi babba.

Garin kuwa ƙarami ne.

Mai burodin da na saba saya a wurinta ta daina kallon fuskata. A fili, 'yan wasa suka koma ɓoye min ciwonsu, wanda gwiwarsa ta kumbura ya gwammace ya ɗaure da kansa. Wata rana na fito na tarar an rubuta "maciya amana" da yatsa a dusar ƙanƙarar da ke gilashin motata. Na goge da hannun riga, na shiga na zauna, na kasa tayar da motar.

A watan Disamba na ajiye aikin.

Na samu wani a gidan jinyar tsofaffi a garin Piešťany, tafiyar awa uku daga gida. Ɗaki ɗaya na kama a saman shagon ɗinki. Da safe in koya wa tsofaffi taka matakala, da yamma in dafa miyar da za ta kai ni kwana uku. Ranar Kirsimeti na je gida, Baba ya zuba min miyar kabeji, bai ce ai ya faɗa min ba. Da ma ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

A bakin wata tsohuwa mai son hoki na ji labarin. Ina murza mata ƙafa ta ce ai ɗan garinmu nan, Vratko Hronec, ya koma wasa. Dušan ya samo masa wata ƙaramar ƙungiya a ƙetaren iyaka, inda ba a cika tambayar takardun asibiti ba.

Wata uku kacal da bugun...

Na shiga banɗaki na kulle, na jingina da ƙofa. Na rubuta masa saƙo mai tsawo, na goge. Na sake rubuta "Ka kula da kanka", shi ma na goge. Wace ce ni yanzu?

Haka hunturu ya wuce. Duk ranar da suke da wasa nakan buɗe sakamako a waya, ba don in ga wa ya ci ba, sunansa kawai nake nema. A farkon Maris sunan ya ɓace.

Ranar wata Asabar ta Afrilu aka ce ina da baƙuwa. Na sauko na tarar da Pani Hroncová zaune a benci da baƙar kwat ɗinta ta zuwa coci, jaka a kan cinya. Bas biyu ta hau kafin ta iso. Ta rame.

Ba ta ba ni haƙuri kai tsaye ba, ba halinta ba ne. Labari ta ba ni. Ta ce wasa goma sha ɗaya ya buga, ba wanda ya buge shi ma. Wata rana ya fita sayen madara a shagon da ke bayan gidan da yake haya, ya fito ya rasa hanyar komawa. Awa biyu yana zagaya layi huɗu da leda a hannu. Ya kira Dušan sau shida bai ɗauka ba, ashe ya tafi Sweden da sabon yaronsa. Washegari Vratko ya miƙa wa koci sandunansa, ya hau jirgin ƙasa ya dawo. Tun daga ranar yana ɗaki, ba ya fita, ba ya kula kowa.

"Ni na saya masa takalmin farko," ta ce, tana murza hannun jakarta. "Ni na ce ya tafi wancan wurin. Ke kaɗai kika ce a'a."

Na ce mata bai neme ni ba.

"Kunya yake ji, 'yata. Irin ubansa ne."

Karon farko ke nan da ta kira ni haka.

Lahadi da rana na same shi a lambun bayan gida, zaune a kan kututture da baƙin tabarau, ya tara gemu. Ya ji takuna ya ɗago, sai ya sake sunkuyar da kai. Na zauna a kan bokitin da aka kife.

"Abu ɗaya zan tambaye ki," ya ce. "Don kada in tafi kika yi?"

Na shirya amsar wannan tambaya wata shida, amma da ta zo sai na ajiye wadda na shirya.

"Don kada ka mutu na yi. Amma da aka ce Sweden ta fasa... na ji daɗi, Vratko. Na minti ɗaya. Na tsani kaina a kan minti ɗayan nan har yau."

Ya cire tabarau ya dube ni, yana ƙifta ido saboda haske.

"Ni kuma wata shida na tsane ki, alhali tun ranar na san gaskiyarki ce. Ko sunan ƙungiyar da muka kara da ita ban tuna ba. Ban iya komai ba, Zdenička. Shekara ashirin da huɗu ina ja da baya ina tare mutane. Yanzu ko madara ban iya sayowa ba. Me za ki yi da ni?"

"Ni zan sayo madarar."

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na matsa na rungume kansa a ƙirjina a hankali, ina jin yadda kafaɗunsa ke rawa.

"Masoyina... ya isa haka."

Bai warke a wata ɗaya ba, bai warke a uku ba. Na dawo gida na kama aiki a asibitin gari, kullum da yamma mu yi tafiya bakin kogi, yau gada ta farko, gobe ta biyu. Baba ya daɗe yana cin magani. Da bazara ta yi nisa sai ya fara aika ni in kira masa "wancan ɗan hokin" ya riƙe masa tsani. A watan Agusta Vratko ya samu aiki a ma'aikatar katako, wajen auna itace. Ranar da ya dawo da ƙurar zarto a gashinsa ya tsaya a ƙofar Baba ya nemi aurena. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai yanzu ya san inda zai same shi.

An ɗaura aure a ƙaramin cocin unguwarmu ranar Asabar ta biyu a watan Satumba, mutum talatin da ɗaya. Daga tsohuwar ƙungiyarsa mutum uku ne suka zo.

Sati biyu bayan haka aka buɗe sabuwar kaka. Wasan ƙarfe biyar ne, ana nunawa a talabijin. Farin ƙanƙarar da gudun kyamara har yanzu suna tayar masa da ciwon kai, na ce mu kashe mu fita. Ya ce a'a. Ya jawo kujera ya juya wa talabijin baya, ya zauna yana fuskantata.

"Ki faɗa min abin da kike gani."

Na fara. Na ce 'yan gabansu biyu sun taho a guje, ɗan bayanmu ɗaya ne ya rage, sabon yaron da aka ba lambarsa.

"Ina sandarsa?"

"A sama."

"Za a ci mu," ya ce.

Kafin ya rufe baki ƙahon fili ya yi ƙara, an ci mu. Ya girgiza kai, murmushi ya ɗan taɓa gefen bakinsa, idonsa kuma ya cika taf. Ya laluba hannuna ya ɗora a gwiwarsa.

"Ci gaba, matata. Wa ke da faifan yanzu?"