Binciken Gwaggo Shafa'atu

Fatimatuzzahra na durƙushe gaban keken marasa lafiya na mahaifinta tana ba shi kunun gyaɗa a cokali, kukan jita na tashi daga tsohuwar rediyon da ke kan tebur, sai wayarta ta yi ƙara. Ganin sunan saurayinta Ja'afar ya sa ta murmushi, ta maƙale wayar a kafaɗa.

"Ustaz, yau an tuna da mu?"

"Zahra, akwai matsala fa. Gwaggo Shafa'atu ta je bincike a kanki!"

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ta dubi mahaifinta, ta goge masa gefen baki, sannan ta koma kicin don kada ya ji.

Mahaifin nata, Alhaji Ɗantsoho, ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya ne a Alƙahira. Tun bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Matarsa ta daɗe da rasuwa, daga shi sai Zahra a gidan nan na unguwar Zamalek. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiran sunan ba, "Uwata" yake ce mata. Rabonta da jin kalmar nan tun ranar da ya faɗi, kuma babu abin da take kewa kamarta.

Abu ɗaya ke motsa shi yanzu, waƙoƙin wani Bature mai kiɗan rock, Jonah Kestrel, wanda Alhaji ya fara sayen faifansa tun yana ɗalibi a Ingila, yake kuma kiransa Malam Yunusa don tsokana. Da su Zahra ta tashi, ta haddace su tun kafin ta san ma'anarsu. In ta kunna, sai ɗan yatsan Alhaji na hagu ya shiga buga hannun keke. Shi ya sa da aka ce mawaƙin zai zo Alƙahira, ta sayi tikiti uku, nata da na Abba da na Ja'afar.

Shi kuwa Ja'afar ɗalibin shari'a ne, yana zaune a unguwar Hay el-Sabi'. Da maganar aurensu ta kai gidansu a Zariya, mahaifinsa ya ɗora wa ƙanwarsa Shafa'atu, wadda ta zo Alƙahira a yi mata aikin ido, nauyin binciko halin yarinyar. A gida an san yadda ake yi: ba a tambayar mutanen gidan, sai maƙwabta da liman da mai kantin unguwa. To ina Gwaggo za ta samo waɗannan a Zamalek? Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ga Baturiya da kare, ta ƙwanƙwasa wata ba a ko buɗe ba. Ƙarshe sai bawwab, mai gadin benen, ta tare shi da ɗan Larabcinta na aikin Hajji.

"Shi kuma bawan Allah ya ɗauka yabonki yake yi," in ji Ja'afar. "Wai ke ce farin cikin benen, kullum kiɗa har titi, kuma ranar Alhamis za ki gidan kiɗa! Gwaggo ta ce in kika je, khalas, shi ke nan, za ta gaya wa Baba a fasa. Please Zahra, ki haƙura da concert ɗin nan."

"Kai fa ka raka ni muka nemo wa Abba wurin masu keke. Ka manta? Na gaya masa za mu je, ka ga yadda idonsa ya yi."

"Na sani, wallahi na sani. Amma aurenmu fa! Ni dai... ba zan iya zuwa ba."

Ta kashe wayar ta jingina da firij, ta yi kuka mai isarta ba tare da sauti ba. Tana son Ja'afar, so na gaske, mai sa ta rasa barci in ya yi zazzaɓi. Amma ta yi alkawari ga mutumin da ba ya iya tuna mata da shi, kuma a ganinta irin wannan ya fi kowanne nauyi.

Ranar Alhamis bayan la'asar tana gyara wa Alhaji hula, ta sa masa babbar rigarsa ta sallah, aka yi sallama. Gwaggo ce, cikin dogon hijabi da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido. Ta gaida mara lafiya da kyau, ta yi masa addu'a, sannan ta juyo.

"Yarinya, ashe dai tafiyar za ki yi? Har da jan tsoho mara lafiya cikin 'yan iska?"

Zahra ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Gwaggo, ba rashin kunya zan yi miki ba. Kin tambayi mai gadi, shi kuma daga ƙasan bene yake jin kiɗan, bai san wa ake kunna wa ba. Ga tikitin Ja'afar nan babu mai shi. In kin gani da idonki kika ce a fasa, wallahi ba zan riƙe ki a raina ba."

"Ni? Gidan kiɗa? Da furfurata? Innalillahi!"

Ta miƙe kamar za ta fita, sai kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana duban Alhaji, wanda ya kafe tikitin da ido. Gwaggo mace ce mai faɗa, amma ba ta wasa da amana.

"Yayana amana ya ba ni, ba zan kai masa zancen mai gadi kaɗai ba," ta ce. "Tun da an gyara mini idon, bari ya yi aikinsa. Yalla, maza kama keken!"

Sun yi magariba a wani lungu na harabar zauren, sannan suka shiga. Zahra ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Kujeru sun hau sama hawa-hawa har ido ya gaza, matasan Masar da Turawa da 'yan mata masu ɗankwali ana ta ihu. Aka kashe fitilu, ganga ta buga har cikin ƙirji, Gwaggo ta dafe kunnuwa tana jan carbi da sauri.

Sai ga shi ya fito, siririn tsoho mai farin gashi har kafaɗa, da jar jita a rataye. Zahra ba ta san lokacin da ta yi tsalle ba.

"Abba! Ga Malam Yunusanka! Ga shi can!"

"Wannan tsohon ne?" Gwaggo ta ɗaga murya a kunnenta. "Ai ya girmi Yaya! Ba shi da jikokin da za su zaunar da shi?"

Zahra ta yi dariya har da hawaye. Duk da haka rabin hankalinta na kan mahaifinta. Ta toshe masa kunne da auduga don rage ƙarar, ta gyara masa bargo, in yawu ya zubo ta goge kafin kowa ya lura. Ba ta san Gwaggo ta cire tabarau tana kallonta ba.

Can sai gangar ta yi shiru, tsohon ya zauna a kan kujera shi kaɗai da jitarsa. Ya fara wata waƙa a hankali, ta matafiyin da ya daɗe a nesa ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa tsaye a ƙofa. Ita ce Alhaji ke rerawa in yana kai Zahra makaranta a mota. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, hasken wayoyi ya cika ko'ina. Yatsan Alhaji ya fara bugu, sannan leɓensa ya motsa. Zahra ta kai kunnenta kusa, ta ji wata murya a shaƙe, a karkace, tana bin amshin kalma bayan kalma.

Da waƙar ta ƙare ya juyo da ƙyar, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"U... wa... ta."

Ta kifa fuskarta a cinyarsa ta fashe da kuka. Dubban mutane na tafa wa mawaƙi, ita ba ta jin komai sai kalmar nan. Gwaggo ta sunkuyo ta rungume ta, hijabinta ya jiƙe.

"Likita ya hana ni kuka, ke kin sa ni," ta ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Da suka fito, wa za su gani a bakin ƙofa in ba Ja'afar ba? Tun kafin a fara yake tsaye a wurin, ya kasa shiga, ya kasa komawa. Ganin Gwaggo na tura keke ya sa ya nufo su da sauri.

"Ma'alish Zahra, na ji tsoro ne, ki yafe mini."

"Kai ne ya kamata a bincika!" Gwaggo ta katse shi. "Ka bar yarinya da tsoho su kaɗai don tsorona? Karɓi keken nan, bayana ya ƙage."

Zahra ta dube shi da jajayen idanu, ta ce a hankali, "Abba ya kira ni, Ja'afar." Nan shi ma ya juya kai yana share ido.

Washegari da hantsi Gwaggo ta kira Zariya a falon Alhaji, ta saki murya don kowa ya ji.

"Yaya, kiɗan dai ban ga abin so a cikinsa ba, har yanzu kaina sara yake. Amma yarinyar, in kuka bari ta kuɓuce muku kun yi asara. Wadda ta yarda ta rasa miji don kada ta karya wa mahaifinta alkawari, ita ce za ta riƙe ɗanka ran da ya kwanta. Ku shirya goro!"

Haka haƙurin Zahra da gaskiyarta suka dawo mata da muryar mahaifinta, suka kuma bar mata wanda take so. Duk wanda aka ɗora wa binciken ɗan mutane, ya ji tsoron Allah ya matsa kusa ya gani, don abin da ake ji daga ƙasan bene ba shi ne abin da ke cikin ɗaki ba. Kafin Gwaggo ta tafi kuwa, da hannunta ta kunna wa Alhaji rediyon, ta ce a dai rage ƙarar.