Na Biyar a Igiya

Akwai rami mai zurfin ruwa a gonar tumakina. Sakarkarun birni kan zo da tulun iskar numfashi a baya, wai nutso. Ni ke zura su da igiya, ni ke jawo su.

Ran nan huɗu na zura, huɗu na jawo da magariba.

"Tsoho, saura abokinka a ƙasan ruwa," in ji Fergus, jagoransu, yana dariya. "Gwani ne, ko kumfa ba ya fitarwa!"

"Rufe mini baki, ɗan banza. Ba ni da aboki."

Sai igiyar ta motsa a hannuna: ja biyu, shiru, ja ɗaya. Ni da ƙanena Merv kaɗai muka san wannan alama. Rabona da ita shekara arba'in, tun ranar da na saki igiyar na gudu, na bar shi a cikin ramin.