Janareta a Kan Rufaffiyar Rijiya

Ku matso kusa. Safara'u, kashe fitilar wayar nan, ba na son haske a idona. Wannan ba ji na yi a bakin wani ba. A gabana aka yi, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin muna Kaduna ne ni da mijina Haladu, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa. Banɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Maƙwabcinka ya yi tari, ta bango za ka ce masa sannu. A nan na haifi Walida. Haladu kun san direban tirela ne, ana gama suna ya kama hanyar Legas. Ni kuma ban zo gida wanka ba, don hanya ba lafiya a shekarar. Iya Kande ce ta karɓi wankan jegona, wata tsohuwa da ta fi kowa daɗewa a gidan.

To, a gidan nan akwai wani Basho.

Tuzuru ne, sana'arsa saka kiɗa a gidan biki. Yana da wasu lasifikoki guda biyu, kowacce ta kai ni ƙirji. Idan ya dawo daga biki, maimakon ya kwanta kamar ɗan mutane, sai ya ce zai gwada waƙoƙin gobe. Kwanukan da ke kan kabad ɗina har rawa suke. In an ɗauke wuta kuma ya tayar da janareta, wani tsohon abu mai fasasshiyar salansa, yana tari yana aman hayaƙi. Babu wanda bai yi masa magana ba. Haladu ya yi kafin ya tafi. Matan gidan sun yi. Aka kai ƙara wurin mai kula da gidan, ya ce a yi haƙuri da juna, zaman haya ne. Haƙuri! Shi da yake kwana a wata unguwa.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Rannan Basho ya ce ƙarar janaretan tana hana shi jin kiɗansa da kyau, hayaƙin kuma yana shiga masa ɗaki. Kun ji fa. Shi abin ya dama. Sai ya sayo doguwar wayar wuta, ya jawo janaretan tun daga ƙofarsa har ƙuryar gidan, ya ɗora shi a ƙarƙashin tagata.

A ƙuryar nan akwai tsohuwar rijiya. Tun kafin a gina ɗakunan aka rufe ta da falan siminti. Ba a zama a kai. Ba a shanya a wurin. Ruwan zafi kuwa ko kusa. Ranar da Iya Kande ta fara yi mini wanka, abin da ta fara nuna mini ke nan: ruwan wanka kwata zai bi, kada ɗigo ɗaya ya gangara wajen rijiyar. Ita kanta idan za ta gifta ta wurin sai ta yi sallama ƙasa-ƙasa.

Da ta ga janareta a kan falan, ta je ta sami Basho.

Ta ce, "Ɗan nan, ɗauke abin nan. Wurin da masu shi."

Ya yi dariya. Ya ce, "Iya, ki ce su fito su sa cajin waya. Kyauta ne."

Daga ranar Walida ta daina barci. Ta fara lumshe ido, abin nan ya yi wata fashewa, sai ta zabura ta miƙe hannuwa. Na rufe taga, zafi. Na buɗe, hayaƙi. Ta fara ƙin nono. Maɗigarta ta faɗa, na sa yatsa na ji rami. Na kai ta asibiti, ma'aikaciyar ta yi mini tas, wai wace irin uwa ce ni da zan bar jaririya ta rame haka. Ta ce idan yarinyar nan ba ta samu barci da iska mai kyau ba, kada in zo ina yi musu kuka.

Daga asibitin ƙofar Basho na wuce. Ni Lantana, da ɗanyen jego, na durƙusa a gaban ƙaton nan. Na buɗe masa fuskar yarinyar.

Na ce, "Don girman Allah, Basho. Dube ta."

Ya leƙo, yana sakace. Ya ce, "Maman Walida, ai yaro da kuka aka san shi. Ki bari ta saba. A birni aka haife ta."

Ya maida ƙofarsa ya rufe. Wallahi da akwai taɓarya a kusa da ni ranar, da ba a nan nake zaune ina ba ku labari ba.

Washegari Iya Kande ta kwana da ciwon ƙafa, ta kasa tashi. Dole ni na fito da kaina hura wutar ruwan wanka, tun kafin kiran sallah. Gari duhu. Janareta na ta aikinsa. Walida na bayana tana wani kuka mara ƙarfi, irin na wanda ya gaji. Na durƙusa a gaban murhu ina hura itace, hawaye na zuba, ban san na hayaƙi ne ko na takaici ba.

Sai na ji an ce, "Sannu, mai jego."

Ku tsaya ku ji. A tsakar gidan nan, idan abin nan na kunne, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Wannan kuwa raɗa aka yi. Amma na ji ta tar, kamar a cikin kunnena aka faɗa.

Na ɗago. Mace ce tsaye a ɗaya gefen murhun. Doguwa. Baƙin zane na saƙi, irin wanda ban ƙara gani ba tun rasuwar kakarmu. Ita ma da goyo. Wani ƙamshin danshi na tashi daga jikinta, kamar na randa da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ɗauka baƙuwar wani ɗaki ce.

Ta ce, "Yaya kwanan yarinya?"

Na ce, "Ba ta kwana ba."

Ta ce, "Nawa ma."

Itacen ya kama, wuta ta ɗan tashi. Na ga ruwa na ɗiga daga bakin zanenta. Na bi ruwan da ido har ƙasa. Fuskarta ni take kallo. Amma dugaduganta ne a gabana, yatsun ƙafarta suna baya.

Na so in karanta addu'a, harshena ya ƙi juyawa. Na kai hannu baya na dafe Walida.

Ta ce, "Kada ki ji tsoro. Rana ɗaya muka haihu da ke. Kuma ruwanki bai taɓa zubo mana ba. Na gode."

Na ƙara dafe Walida.

"Na yi haƙuri," in ji ta. "Tsohuwa ta faɗa masa. Ke ma kin faɗa masa, na ji ki. Wane ɗaki ne?"

Bakina a ɗaure yake. Amma kada ku ɗauka tausayinsa na ji. Da ya buɗu, da na faɗa, har da sunan ubansa in na sani.

Ta sunkuyar da kai, ta ga wayar nan kwance a ƙasa, ta taso daga kan rijiya ta ratsa tsakar gida.

Ta ce, "Bar shi. Ga hanya ya shimfiɗa."

Sai ta kwance majanyi, ta juyo da yaron gaba. Ban ga fuskarsa sosai ba, kuma ban nemi gani ba. Bakinsa kawai na gani a wangame, jikinsa na karkarwa. Kuka yake iya ƙarfinsa. Amma ko ƙis ban ji ba.

"Ba kya jin sa, ko?" in ji ta. "Ai ba ke kika tashe shi ba. Mu a wurinmu, wanda ya tashi yaro shi ke goya shi har ya koma barci. Ku ba haka kuke yi ba?"

A nan bakina ya buɗe. Na ce, "Haka muke yi."

Ta juya ta bi wayar, a hankali, yaron a hannu. Ta tsaya a ƙofar Basho ta yi sallama. Ƙofar ba ta buɗe ba. Na ƙifta ido, babu kowa a wurin sai jiƙaƙƙen siminti.

Janareta ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

Shirun da ya biyo baya har kunnena ya yi zafi. Can sai na ji ladan yana kiran sallah a masallacin bayan layi. Na manta ma ana jin sa daga gidan. Na shiga ɗaki da gudu na sa sakata. Kafin in kwance goyo Walida ta yi barci. Har rana ta take tana barci, ni kuma ina zaune ina kara yatsa a hancinta. Da ta farka ta kama nono kamar za ta cinye ni.

Da hantsi Basho ya fito, idanu jajur. Ya hau dukan ƙofofin mutane.

"Wace marar imani ce ta bar yaro yana tsala kuka haka? Mutum ba zai runtsa ba a gidan nan?"

Ya zo tawa yana huci. Na buɗe, na nuna masa Walida a kwance, ko motsi ba ta yi. Ya dube ta. Ya waiga bayansa. Ya sake waigawa.

Na ce, "Ka bari ka saba."

Ya koma ɗaki ya ƙure kiɗa don ya danne kukan. Ba a jima ba ya kashe da kansa. Ashe duk ƙarar da aka yi, yaron ƙara tsandarewa yake. Kafin mako ya zagayo mun fara ganinsa a tsakar gida ya ɗan ranƙwafa, hannuwa a baya, yana jijjiga. Babu komai a bayansa sai riga, ita ma kullum a jiƙe.

Da kansa ya ɗauke janaretan daga kan falan. Iya Kande ta raka shi tana ɗingishi, ya durƙusa a bakin rijiyar ya roƙi gafara, yana kuka da majina. Tsohuwar ta kasa kunne wajen rijiyar tana saurare.

Ta ce, "An ji. An ce da yaron ya yi barci za a zo a karɓe shi."

Ya ce, "Yaushe, Iya?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Yaransu ba kamar namu ba ne."

Ya rabu da lasifikokin. Ya bi ƙofofin gidan yana ɗiga musu mai don kada su yi ƙara. Mace ta ɗauki taɓarya, sai ya zo ya tsuguna yana roƙonta da raɗa. Basho fa! Daga baya 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi neman magani.

Ku dai duk wadda Allah ya kai gidan haya, ta nemi tsohuwar gidan ta tambaye ta inda ba a takawa. Kuma kada ta kuskura ta fita tsakar gida ita kaɗai kafin a kira sallah. Ni na fita na dawo lafiya, amma ba wayona ba ne.

Me kika ce, Safara'u? Ko ya warke?

Bara na gan shi a tashar Zariya. Can bayan shaguna, nesa da motoci, yana tsaye a inuwa yana jijjiga. Ya rame, furfura ta fito masa. Shi ya fara gane ni. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗora yatsa a leɓensa.

Ya ce, "A hankali, Maman Walida. Ina yarinya?"

Na ce, "Tana makaranta."

Ya ce, "Allah ya raya." Ya ɗan karkata kai yana sauraren bayansa. "Nawa jiya saura kaɗan. Har ya fara yin shiru. Sai wani ya danna hon."