Sawun Takalmi a Kan Kujera

Ranar da ta fara ganinsa, bayansa ta fara gani. Yana durƙushe a tsohon shagon bututu na kamfanin ƙarfe, fuskarsa a rufe da murfin walda, tartsatsi na ta tashi a gabansa. Ita kuwa ɓatan hanya ta yi. Daga ofis aka turo ta, an ɗora mata aikin tattara tarihin kamfanin don za a buɗe ɗakin tarihi, ga hular kwanon da aka ba ta ta yi mata yawa, sai zamewa take tana rufe mata ido.

"Sannu da aiki. Don Allah ina tsohon injin lanƙwasa bututu yake?"

Ya ɗaga murfin, ya dube ta. Hannunsa ya nuna hagu, bakinsa ya ce dama.

"Hagun ko daman?"

"Wallahi ɗazu na sani," in ji shi.

Ashe injin da take nema shi ne wanda yake durƙushe a gindinsa yana liƙe masa ƙafa. Ta yi dariya har hular ta sake rufe mata ido, shi kuma daga ranar bai ƙara samun kansa daidai ba.

Ya sa mata suna Tarihi, ita kuma ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai Walda. Duk hutun rana sai ta sauko ta zauna a kan kujerar ƙarfen da ke gaban injin, tana ba shi labarin da tsofaffi suka ba ta. Wai kafin a gina tanderun narka ƙarfe, garin nan fili ne da 'yan bukkoki. Tanderu ya kawo jirgin ƙasa, shagon bututu ya kawo unguwanni, jiniyar kamfani ta zama agogon kowa. Wai da ƙofa ɗaya ce, har ranar da masu tashi da masu kama aiki suka yi karo aka yi turmutsutsu. Tun daga nan 'yan safe ke fita ta ƙofar baya, 'yan yamma su jira a ta gaba sai jiniya ta biyu ta yi kuka. A tsakani injuna su huta, masu giris su zaga su shafa musu mai.

Wannan na ƙarshen daga bakin Baba Giris ta ji shi, wani gajeren tsoho da ya bar shafa mai ya koma gadin ƙofa, kuma duk kamfanin babu wanda ya kai shi son magana.

Mai Walda dai ba tarihin yake saurare ba, bakin mai ba da shi yake kallo.

"Tarihina," ya rubuto mata wata rana, "yau na liƙe ƙarfe biyu da babu abin da ya haɗa su. Oga ya ce ina hankalina. Na ce yana ofis, kusa da taga."

"Ka gaya wa Oga hankalinka yana nan lafiya, ina kula da shi," ta mayar masa. "Ka riƙa sa murfinka da kyau. Idanun nan ba naka ba ne kai kaɗai."

Da magana ta yi nisa, ta sanar da Mama, Mama ta sanar da Abba. Abba tsohon ma'aikacin kamfanin ne, ya yi ritaya, abokansa na kiransa Na-Safe don duk rayuwarsa aikin safe ya yi, a kan wannan injin na lanƙwasa bututu. Ya yi murna da jin yaron ɗan kamfani ne.

"Ɗan wane ne?"

"Abba, ɗan Na-Yamma ne. Ai ka san shi, inji ɗaya kuka riƙe."

Abba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ban da wannan gidan."

"Abba, me ya yi?"

"Ya san abin da ya yi."

Ya shige ɗaki ya bar ta da baki buɗe. Sai da ta bi Mama kicin tana hawaye sannan ta ji zancen.

"Kujera ce, 'yar nan. Kujerar gaban injin. Kullum ubanki ya je da safe sai ya tarar da sawun takalmi a kanta, baƙi ƙirin da giris. Shekara da shekaru. Ni na san wandunan da na wanke."

"To bai tambaye shi ba?"

"Ubanki? Ya tsaya tambayar wanda ya raina shi? Ramawa dai ya riƙa yi, in zai tashi ya dangwala giris a mariƙin injin. Ko a hanya suka haɗu, wannan ya tsallaka titi, wancan ya tsallaka."

Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. A ce aurenta ya tsaya a kan kujerar da take zama kullum tana cin abincin rana!

Abin ya ƙara rikice mata ranar da aiki ya kai ta gidan Na-Yamma ɗaukar muryarsa. Tsohon ya karɓe ta da fara'a, bai san ko 'yar wa ce ba. Ya ba ta labarin bututun farko da aka lanƙwasa, da ranar da tanderu ya mutu garin ya yi shiru kamar an yi rasuwa. Can sai fuskarsa ta canza.

"Abu ɗaya ne ya ɓata mini aikin, 'yata. Wanda ke riƙe injin da safe ba shi da tarbiyya. Kullum na zo sai na tarar ya taka mini kujera da takalmi mai giris. Daga baya har mariƙi ya koma shafawa. Ni ma sai na riƙa ɓoye masa tsumman goge hannu."

Ta fito ta wuce shago kai tsaye. Ta kunna wa Mai Walda muryar, suka saurara tare, suka sake saurara.

"To wa ya fara?" in ji shi.

"Abbana dai ba ya ƙarya."

"Au, nawa ne ke yi?"

"Ni ban ce ba."

"Ai kin ce, Tarihi."

Ka ji fa! Su da suka zauna don sasanta iyaye, sai ga shi sun gaji faɗan. Ta daina saukowa shago, shi kuma ya daina ɗaga kai wajen taga.

A wannan tsakanin wani saurayin injiniya mai mota ya fara zuwa gaishe da Abba, Abba kuma har tabarma yake shimfiɗa masa da kansa. Wata rana ana ruwa ya rage mata hanya, Mai Walda na tsaye a ƙofar baya ya gan su.

"Na ga an samu mota. Allah ya sa alheri," ya rubuto mata da dare.

"Ruwa ake yi, kai kuma fushi kake yi. Da wa kake so in tafi?"

"Da ni, ko a jiƙe."

Ta karanta saƙon, ta rubuta: "Ni kai nake so, kuma na gaya wa injiniya haka. Amma Abba ya rantse, Babanka ma na ji ya rantse. Na rasa inda zan sa kaina, Mai Waldana."

"Ki sa shi a wajena. Ban san mafita ba, amma ba inda za ni."

Ranar buɗe ɗakin tarihi aka gayyato duk tsofaffin ma'aikata. An kawo tsohon injin ɗakin, an goge shi yana ƙyalli, kujerarsa na gabansa. Na-Safe ya tsaya a wannan gefe, Na-Yamma a wancan, kowa ya sami wani bango yana kallo. Tarihi na riƙe da abin magana. Don ta cika shirun da ya yi yawa, sai ta ce Baba Giris ya nuna wa yara yadda ake shafa wa inji mai a da.

Abin nema ya samu. Tsohon har da tsofaffin takalmansa na aiki ya zo. Ya zuba giris a tire, ya taka shi bai ma lura ba, yana ta zuba.

"Wannan injin bakinsa a sama yake. Dogaye sukan miƙa hannu, ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Sai in yi haka."

Ya jawo kujerar, ya ɗora ƙafa, ya haye. Ya shafa mansa, ya sauko, ya mayar da ita wurinta.

A kan kujerar ga sawun takalmi, baƙi ƙirin.

Na-Safe ya matso. Na-Yamma ya matso. Suka sunkuya a kan sawun har kawunansu na neman gwaruwa.

"Kai ne?" in ji Na-Safe.

"Ni ne me?"

"Kullum haka kake yi?" in ji Na-Yamma.

"Safe da yamma! Ban taɓa fashi ba, ku tambayi kowa." Baba Giris ya dubi wannan ya dubi wancan, shi ma ya rikice. "Wai lafiya? Man ne bai yi ba?"

Tsofaffin biyu suka miƙe suka dubi juna, karo na farko ido cikin ido. Abin tausayi, kowannensu ya ɗauko fushin rabin rayuwarsa ya zo da shi, ga shi yanzu ya rasa mai shi.

"Amma giris na mariƙi ni ne," in ji Na-Safe a hankali.

"Tsumman ma ni ne," in ji Na-Yamma. "Suna nan a gida, buhu guda."

Wani ya fashe da dariya a baya, ɗakin duka ya ɗauka. Su biyun ba su yi dariya ba. Na-Safe ya zaro hankicinsa fari daga aljihu, ya sunkuya da ƙyar saboda ciwon baya, ya goge kujerar tas, ya tura ta gaban Na-Yamma.

"Zauna. Na goge."

Na-Yamma ya zauna, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Tarihi ta waiga, ta ga Mai Walda a bakin ƙofa yana share ido da bayan safar hannunsa, duk ya shafe fuska da baƙi.

Ba a daɗe ba aka ɗaura auren. Rabin kamfani ya zo, 'yan safe da 'yan yamma, kuma ta ƙofa ɗaya suka shiga. Baba Giris aka sa a gaba, har ranar yana tambayar mutane wai me ya yi ake ta gode masa. Abba ya riƙe hannun ango ya ce, "Ga ta nan, ɗana. In ka ga abin da ba ka gane ba a gidanka, ka buɗe baki ka tambaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

"Amin," in ji Na-Yamma, wanda ya zo da buhun tsummansa ya dire a gaban Abba.

Amarya na ɗaki wayarta ta yi ƙara.

"Tarihina, an ce in shigo. Ɗakinki hagu ne ko dama?"

Ta yi murmushi, ta rubuta: "Ka tsaya inda kake, mijina. Ga ni nan zuwa."