Manomin da Ya Cinye Hanya

Can a zamanin da, an yi wani manomi mai gona a bakin hanya. Kowace damina sai ya faɗaɗa gonarsa, ya ci taku ɗaya daga hanyar. In maƙwabta suka yi magana, sai ya ce, "Haba, taku ɗaya ne fa!"

Taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, har hanya ta tsuke.

Ran nan da hantsi maciji ya sari mahaifiyarsa. Maza huɗu suka ɗauko ta a gadon kara, za su kai ta wurin mai magani. Da suka iso gonar, gado ya ƙi wucewa. Ga dawarsa a dama, ga kwazazzabo a hagu.

Tsohuwa ta ce da ƙyar, "Ɗan nan, ina hanyar da na sani?"

Manomi ya zare adda, ya hau dawarsa da sara har aka wuce. Mai magani ya duba ƙafar, ya ce, "Allah ya taimake ku, saura ƙiris." Tsohuwa ta warke sarai.

Da damina ta dawo, manomi ya ja shukarsa baya sosai. Maƙwabcinsa ya ce, "Malam, ai hanyar ta fi da faɗi."

Ya ce, "Haba, taku ɗaya ne fa na ƙara mata."