Dogo Mai Tara Saƙo

A ɗakin manyan kwamfutoci Auta ta fara ganinsa, durƙushe cikin wayoyi, sanyin ɗakin ya sa ya ƙudundune kamar tsoho. Dogo ake ce masa. An haɗa su aiki su gano dalilin da manhajojin kamfanin da suke wa aiki, da ke warwatse a kwamfutoci daban-daban, suke jinkirin amsa wa juna, alhali layin sadarwar da ya haɗa kwamfutocin na da gudun tsiya.

"Layin ba shi da laifi," in ji Dogo. "Kowane ɗan saƙo sai an naɗe shi, an kwafa, an kwance. Mu tara ƙananan, mu tura gaba ɗaya."

Dabarar ta ci, zuciyar Auta ma ta tafi. Sai dai bawan Allah ya kwashi dabararsa ya kai cikin soyayya. Ta rubuta masa da safe, "Ka karya kuwa?" Shiru. Sai da yamma amsar duk saƙonninta na ranar ta iso a dunƙule:

"Na karya, Zumata. Na sha maganin. Rigar ta yi miki kyau. Na yi kewarki tun safe."

Abin na ci mata rai, don tana sonsa ba kaɗan ba. Ga kuma wani likita, ɗan abokin Babanta, da kiransa ba ya yankewa.

"Wanda zai yini bai amsa miki ba za ki aura?" Baba ya ce. "Ran da ciwo ya kama ki fa? Ni likitan zan ba."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Dogo: "Masoyi, ko a wajen aiki ba ma tara saƙon gaggawa. Baba zai ba da ni. Wannan ba ya jira."

Ba amsa. Ta kifa kai a cinyar Mama tana kuka, ta fid da rai.

Sai ga sallama a ƙofa. Dogo ne, yana haki, katin aiki na lilo a wuyansa. Ya zube gaban Baba.

"Baba, na ga rubutu zai ɓata lokaci, shi ne na taho da kaina. Ina sonta. Kuskurena ne, na gyara."

Baba ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango Dogo gam, idonsa ya ciko. "Ita ce autata. In ta kira, ka ɗaga."

"Ko ina kan tsani, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."